Gubar magungunan ƙwari a jikin dabbobi

Gubar magungunan ƙwari a jikin dabbobi ita ce rashin lafiya ko mutuwar da ke samun dabba bayan ta ci, ta sha, ta shaƙa, ko an shafa mata wani sinadarin da aka yi domin kashe ƙwari, ciyawa, ɓeraye ko kaska. Babban ɓangare ne na ilimin guba a likitancin dabbobi, wato fannin da ke nazarin yadda guba ke shiga jikin dabba, irin ɓarnar da take yi, yadda ake gane ta da yadda ake magance ta. A arewacin Najeriya matsalar tana faruwa a rugage da gonaki, tana kuma faruwa a cikin birane, a unguwanni irin su Badarawa da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, inda ake kiwon raguna, awaki da kaji a cikin gidan da ake ajiye fiya-fiya, shinkafar ɓera da maganin feshin gona. Lamarin ya shafi lafiyar mutane kai tsaye, domin nama, nono da ƙwan dabbar da ta sha guba suna iya ƙarewa a tukunya.

Tarihi

Tun kafin zuwan magungunan zamani, makiyaya Hausawa da Fulani sun san tsirran da ke kashe dabba, kamar samberu, gwaska da gyauron dawa, kuma suna kauce musu a wajen kiwo. A Turai, likitan nan ɗan ƙasar Suwizalan, Paracelsus (1493–1541), shi ne ya fito da ƙa'idar da fannin ke tafiya a kanta har yau: kowane abu yana iya zama guba, yawan abin da ya shiga jiki ne ke raba magani da guba. Daga baya Mathieu Orfila (1787–1853), ɗan asalin Sifaniya da ya yi aiki a birnin Faris, ya mayar da nazarin guba ilimi mai zaman kansa ta hanyar gwaje-gwaje a kan dabbobi da binciken gawa.

Magungunan ƙwari na zamani sun yawaita ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Paul Müller ya gano ƙarfin DDT wajen kashe ƙwari a shekarar 1939, aka ba shi kyautar Nobel a 1948. A arewacin Najeriya, daga tsakiyar shekarun 1950 an yi amfani da DDT da dildirin wajen feshin ƙudan tsando mai kawo wa shanu sammore, lamarin da ya buɗe wa makiyaya wuraren kiwo masu faɗi. A shekarar 1962 Rachel Carson ta fitar da littafinta Silent Spring a Amurka, inda ta nuna yadda irin waɗannan sinadarai ke taruwa a jikin tsuntsaye da kifaye. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita ko ta hana da yawa daga cikinsu, kuma a 2009 aka ƙara lindan, sinadarin da ke cikin Gammalin 20 wanda Hausawa ke kira gamalin.

Ginshiƙan ilimin guba

Abubuwa huɗu ne ke yanke ko dabba za ta tsira ko za ta mutu: yawan gubar, hanyar da ta bi ta shiga jiki, nau'in dabbar, da halin da jikinta yake ciki.

Yawan guba ana auna shi ne da nauyin dabba, wato miligiram nawa a kowane kilo. Ma'aunin da aka fi sani shi ne LD50, wanda J. W. Trevan ya ƙirƙiro a 1927. Yana nufin adadin da zai kashe rabin dabbobin gwaji. Idan lambar ta yi ƙasa, gubar mai ƙarfi ce. Misali, LD50 na daikulobos a ɓeran gwaji bai kai miligiram 100 a kilo ba, na gilaifoset kuwa ya haura miligiram 4,000. Saboda lissafin da nauyi ake yi, abin da sa zai sha ya tashi lafiya yana iya kashe ɗan akuya ko kaza.

Hanyoyin shiga jiki uku ne aka fi gani: ta baki, ta fata da ta numfashi. Yawancin magungunan ƙwari suna narkewa a cikin mai, don haka suna ratsa fata cikin sauƙi, musamman idan akwai rauni, ko ana tsananin zafi, ko dabba ta yi tafiya mai nisa jini ya taso zuwa fata. Bayan guba ta shiga jini, hanta ce ke sarrafa ta, ƙoda kuma ta fitar da ita ta fitsari. Wasu sinadaran ba sa fita da wuri, sai su maƙale a kitse su riƙa fita kaɗan-kaɗan ta nono.

Nau'in dabba yana da muhimmanci ƙwarai. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wasu sinadarai yadda ta kare ke yi, shi ya sa maganin ƙuma na kare mai ɗauke da fametirin yake kashe kyanwa, haka ma ƙwayar farasitamol. Tumaki ba sa jure yawan tagulla a abinci. Doki da jaki ba sa amai, kuma maganin kaska na amitiraz yana tsayar musu da hanji. Shanu, tumaki da awaki kuwa tumbinsu yana riƙe abinci na tsawon lokaci, don haka guba takan daɗe tana tsotsuwa.

Ƙananan dabbobi, ramammu, masu ciki da masu ciwon hanta sun fi saurin kamuwa. Ana kuma raba guba gida biyu: ta farat ɗaya, wadda alamominta ke bayyana cikin mintuna ko awoyi, da ta sannu a hankali, wadda ke fitowa bayan makonni ko watanni da siffar rama, ɓari, raguwar nono ko raguwar ƙwai.

Yadda dabbobi ke haɗuwa da guba a Badarawa da kewaye

Badarawa tana arewa da Kogin Kaduna, tana makwabtaka da Malali, Kwaru da Unguwar Dosa, ba ta da nisa da Kawo. Unguwa ce mai cunkoson gidaje, kuma kamar sauran tsofaffin unguwannin Kaduna, gidaje da yawa suna da turken rago ko akuya da akurkin kaji, musamman a watannin da ke gaban Babbar Sallah lokacin da ake kiwon ragunan layya. A gaɓar kogin kuma akwai fadamun da ake noman masara da kayan lambu rani da damina. Wannan haɗuwar gida, turke da gona ita ce ke buɗe hanyoyin guba kamar haka:

Wankan kaska da ƙuma. Mai dabba yakan sayi magani a kasuwa ya haɗa da ruwa da ka, ba tare da ma'auni ba. Idan takardar magani ta ce mililita 2 a kowace lita, bokiti mai lita 10 yana buƙatar mililita 20 ne kacal. Wanda ya auna da gwangwanin madara, mai ɗaukar sama da mililita 150, ya ninka adadin fiye da sau bakwai. Wasu kuma sukan yi wa dabba wanka da maganin feshin gona, wanda ba don jikin dabba aka haɗa shi ba.

Ciyawar da aka yi wa feshi. Da damina ana fesa maganin ciyawa a gonaki, gefen hanya, filayen da ba a gina ba da bayan katangu. Yaran da ke yanko ciyawa su sayar, da awakin da ake saki su yi kiwo da kansu, ba su da hanyar sanin inda aka fesa jiya.

Hatsi da dusa. Wake da masarar da aka adana da maganin ƙwari, da irin shuka da aka cuɗa da garin magani mai launi, sukan koma abincin dabbobi idan sun lalace ko sun yi ragowa.

Maganin ɓera. Shinkafar ɓera da sauran abincin tarko da ake ajiyewa a bayan buhuna suna jan kaji, tattabaru, awaki da karnuka. Kyanwa da kare kuma sukan kamu idan suka ci ɓeran da ya mutu da gubar.

Kwalabe da jarkoki. Jarkar magani da aka mayar mazubin ruwa, ko tankin feshi da aka wanke a kwata ko a bakin rafi, suna gurɓata ruwan da dabbobi ke sha.

Rukunonin magunguna da alamominsu

Oganofosfet da kabamet. Su ne rukunin da ya fi saurin kisa a cikin waɗanda ake samu a kasuwa. A cikinsu akwai daikulobos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba kuma shi ne ke cikin Sniper da yawancin fiya-fiya, sai kulofirifos, dayazinon da kabofuran da ake sayarwa da sunan Furadan. Suna toshe wani sinadarin jiki mai suna kolinestares, wanda aikinsa shi ne tsayar da saƙon jijiya bayan ya isa. Idan aka toshe shi, saƙon ba ya yankewa. Dabba za ta fara dalalar miyau, hawaye, yawan fitsari da gudawa, ƙwayar idonta ta tsuke, tsokoki su riƙa rawa, numfashi ya yi wuya saboda majina da ruwa sun cika huhu. Mutuwa takan zo ne daga tsayawar numfashi, wani lokaci cikin ƙasa da awa ɗaya.

Oganokulorin. Wannan rukunin ya ƙunshi DDT, lindan, dildirin da endosalfan. Suna tayar da ƙwaƙwalwa, sai dabba ta riƙa firgita, tana cizon haƙora, tana zagaye, tana faɗuwa kamar mai farfaɗiya, jikinta ya yi zafi. Ba su da makari, kuma suna daɗewa a kitse da ƙasa shekara da shekaru.

Fayiretiroyid. Saifametirin, deltametirin da fametirin suna cikin wannan rukuni. Sun fi sauƙi ga shanu, tumaki da awaki idan aka bi ma'auni, amma suna da haɗari sosai ga kyanwa, kifi da ƙudan zuma. Alamominsu su ne karkarwa, miyau, ƙaiƙayin fata da tangaɗi.

Amitiraz. Maganin kaska ne da ake yi wa shanu da karnuka wanka da shi. Idan ya yi yawa, dabba takan yi kasala, bugun zuciya ya ragu, jiki ya yi sanyi, ciki ya kumbura.

Magungunan ciyawa. Farakwat, wanda aka daɗe ana sayarwa da sunan Gramoxone, yana ƙona baki da maƙogwaro, sannan ya taru a huhu ya lalata shi cikin kwanaki. Ba shi da makari, kuma ba wa dabba iskar oksijin mai yawa yana ƙara ɓarnar. Gilaifoset ya fi shi sauƙi, amma shan ruwansa mai kauri yana kawo miyau, amai da gudawa.

Magungunan ɓera. Iri biyu aka fi samu. Na farko su ne masu hana jini daskarewa, irin su wafarin da burodifakum. Asalin wafarin ma daga likitancin dabbobi ya fito: a shekarun 1920 shanu sun riƙa mutuwa da zubar jini a Amurka da Kanada bayan cin wata ciyawa da ta yi fumfuna, binciken Karl Paul Link a Jami'ar Wisconsin ya gano sinadarin, aka fara sayar da wafarin a matsayin maganin ɓera a 1948. Alamomin wannan iri ba sa fitowa sai bayan kwana 3 zuwa 5: dasashi ya yi fari, dabba ta yi rauni, jini ya fito ta hanci, kashi ko fitsari. Na biyu shi ne zinki fosfaid, wanda ke sakin iskar fosfin idan ya haɗu da ruwan ciki. Irin wannan iskar ce ke fita daga ƙwayar Phostoxin da ake sakawa a buhunan hatsi. Aman dabbar da ta ci shi yana warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, kuma shaƙarsa a rufaffen ɗaki haɗari ne ga mutum.

Wasu gubobin da ake rikitawa da su

Ba kowace mutuwar farat ɗaya ce daga maganin ƙwari ba. Takin uriya da akuya ta lasa, ko wanda aka zuba da yawa a abincin kiwo, yana kawo kumburin ciki, karkarwa da mutuwa cikin awa ɗaya ko biyu. Gyauron dawa da ɓawon rogo mai ɗaci suna ɗauke da sinadarin sayanaid. Tumfafiya, zurma, zaƙami da bini-da-zugu duk suna cutar da dabba idan yunwar rani ta sa ta ci su. Tunkuza da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da afulatokzin, gubar da aka gano bayan mutuwar talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960. Dalma daga tsohon batir ko fenti tana makantar da shanu. A Jihar Zamfara a 2010, mutuwar agwagi a ƙauyukan da ake haƙar zinare ta riga gano gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400, abin da ke nuna cewa dabbobi sukan zama alamar farko ta haɗarin da ke tunkarar mutane.

Akwai kuma cututtuka masu kama da guba. Haukan kare yana kawo dalalar miyau, ciwon saifa, wato antiraks, yana kawo mutuwar farat ɗaya da fitar jini ta hanci da dubura. An tabbatar da ɓullar antiraks a wata gona a Suleja ta Jihar Neja a watan Yulin 2023. Saboda haka ba a buɗe gawar dabbar da ta mutu tana zubar jini sai likita ya duba.

Yadda ake ganewa

Likitan dabbobi yana fara zargin guba ne idan dabbobi da yawa suka kwanta lokaci ɗaya bayan suna lafiya ƙalau, musamman idan an canza abinci, an yi wanka, ko an yi feshi kusa. Yakan tambayi abin da aka ba su, inda aka samo ciyawa, da magungunan da ke gidan. Kwalbar magani ko ledarsa ita ce shaida mafi amfani, don haka ake so a tafi da ita asibiti.

Domin tabbatarwa, ana ɗaukar jini, abin cikin tumbi, hanta, ƙoda, kitse, da samfurin abinci da ruwa, kowanne a mazubinsa daban, a sanyaya shi. Raguwar kolinestares a jini zuwa rabi ko ƙasa da haka tana nuna oganofosfet ko kabamet. Cibiyoyin da ke irin wannan aiki a yankin sun haɗa da Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta a Zariya, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924. A cikin garin Kaduna, Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi da ke hanyar Mando tana horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi.

Taimakon farko da magani

Matakin farko shi ne raba dabba da abin da ya jawo gubar: a kwashe abincin da ruwan, a fitar da sauran dabbobin daga wurin. Idan ta fata ce, a wanke jikin da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankin ya sa safar hannu ko leda, ba tare da dirza mai ƙarfi ba. A ajiye dabbar a inuwa, inda iska ke shiga kuma babu hayaniya, a nemi likita nan take.

Al'adar ɗura wa dabba manja, man gyaɗa ko madara tana iya ƙara cutarwa, domin yawancin magungunan ƙwari suna narkewa a mai, sai su ƙara saurin shiga jini. Ɗura kowane irin ruwa ga dabbar da ke karkarwa ko ta kasa haɗiya kan sa ya faɗa huhu. Ba a tilasta wa shanu, tumaki, awaki, doki ko jaki yin amai.

A asibiti ana ba da gawayin magani, wanda aka sarrafa musamman domin ya kama guba a ciki, giram 1 zuwa 3 a kowane kilo na nauyin dabba. Gawayin girki ba ya yin aikinsa. Makarin oganofosfet shi ne allurar atirofin, da ake maimaitawa har miyau ya tsaya, tare da firalidokzim idan an samu da wuri. Kabamet ma atirofin ake yi masa. Masu hana jini daskarewa ana magance su da bitamin K1, kuma a burodifakum maganin kan ɗauki mako 3 zuwa 4. Ga waɗanda ba su da makari, ana tsayar da karkarwa da dayazefam, a ƙara ruwa, a taimaka wa numfashi.

Nama, nono da ƙwai

Idan rago ko sa ya faɗi, abin da mai shi ya fi tsoro shi ne ya mutu mushe, dukiya ta tafi a banza, don haka akan yi gaggawar sa masa wuƙa. Yanka ba ya cire gubar da ta riga ta shiga jini, hanta, ƙoda da kitse, dafuwa ma ba ta lalata da yawa daga cikin waɗannan sinadarai. Naman dabbar da ake zargin ta sha guba bai dace a ci, a sayar, ko a bai wa karnuka ba. Ana binne gawar ne a rami mai zurfi nesa da rijiya. Barin ta a fili yana kashe masu cin mushe: a Botsuwana a 2019 ungulu 537 sun mutu bayan cin gawar giwayen da aka sa wa guba.

Dabbar da ta warke ko aka yi wa wankan kaska tana da wa'adin jira, wato kwanakin da za su wuce kafin a yanka ta ko a sha nononta. Ana rubuta wa'adin a jikin kwalba, kuma ya fi muhimmanci a makonnin da ke gab da layya.

Dokoki da hukumomi

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke yi wa magungunan ƙwari rajista a Najeriya. A 2008 ta haramta sinadaran noma 30, ciki har da lindan, DDT, aldirin da dildirin. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan daikulobos da aka samu a cikinsa. Daga 1 ga Satumba 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da makamantansa a kasuwanni da kantuna, daga baya kuma ta sanar da janye farakwat, kulofirifos da atirazin daki-daki daga shekarar 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan ƙwari bisa haɗarinsu, kuma akan nuna hakan da launi a ƙasan takardar kwalba: ja ga mafi haɗari, sai rawaya, shuɗi, da kore ga mafi sauƙi.

Rigakafi

Yawancin gubar da ke samun dabbobin gida ana iya kauce mata. Ana ajiye magunguna a kulle, cikin kwalabensu na asali, nesa da dusa, harawa da randar ruwa. Ana auna maganin wanka da sirinji ko kofin ma'auni, a shayar da dabba ruwa kafin wanka domin kada ƙishirwa ta sa ta sha, a yi wankan da safe ko da yamma, a hana ta lasar jiki har ta bushe. Ba a haɗa magani biyu na rukuni ɗaya a lokaci guda. Manomin da ya yi feshi ya kamata ya sanar da makwabta da masu yankan ciyawa, kuma a hana kiwo a wurin har kwanakin da takardar magani ta faɗa su cika. Kwalaben da suka ƙare ana ɗauraye su sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, a huda su domin kada a sake amfani da su. Wajen adana wake da masara, buhun PICS mai hawa uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba. Maganin ɓera kuma ana saka shi a cikin akwati ko bututun da kaza da akuya ba za su iya kai baki ba, a kwashe matattun ɓeraye a binne su kowace safiya.

Duba kuma

Likitancin dabbobi
Kiwon dabbobi a Najeriya
Gubar dalma a Jihar Zamfara
Kaduna ta Arewa